Kamshaf Mai Ɗingishi

Tun yana saurayi Baba Mai-dutse yake wasa kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul ɗin inji ta rufe. A kawo masa wadda ta cinye, ya ɗora ta kan dutsen washi ya fitar mata da sabon ƙusumbi, ya buga mata tambarinsa a gindi. Doka ɗaya gare shi: ba ya taɓa ta motar da aka mutu a ciki. Ya ce ƙarfe yana riƙe numfashin wanda ya tuƙa shi.

Wata rana da hantsi mijin 'yarsa ya turo mota mai turbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska, ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya warware wani tsumma, sai ga kamshaf a ciki.

"Baba, dubi abin da na tsinto wajen 'yan gwangwan. Ƙusumbin nan kamar na raƙumi!"

Baba ya juya gindinta. Tambarinsa ne. Ita ce ya wasa wa ɗansa na fari, wanda ya nace sai mai tsayin ƙusumbi, motar ta riƙa ɗingishi a tsaye tana tashi sama a kan titi, har ranar da aka kawo gawarsa. Da hannunsa Baba ya jefa sandar a rijiyar bayan shago. Ga ta yanzu, ko tsatsa babu, kuma da ɗumi.

"Malam, turbo ba ya son wannan. Tana barin bawul na shiga da na fita a buɗe tare, hayaƙi ya komo ciki. Ga mai sauƙi can, ɗauki."

"Haba Baba, wannan ai ta kai amarya asibiti ce. So nake a ji ni tun daga kwanar titi."

"An ji wani kafin kai."

Surukin ya yi dariya, ya ce a gwada kawai. Suka ɗaura. Injin ya kama: gir-gir, shiru, gir-gir, shiru. Cikin shirun nan Baba ya ji tarin ɗansa, busasshen tarin da yake yi in ya ƙosa a tafi. Ya dubi surukin. Yana zaune a kujerar direba ya karkata kai hagu yana kaɗa makullin gida a gwiwa, zaman da bai taɓa yi ba, zaman marigayin sak, wanda surukin bai taɓa gani ba.

Baba ya zare wayar batir.

Bai jira ta huce ba ya kwance ta, ya ɗora kan dutse, ya cinye ƙusumbin ɗaya bayan ɗaya har ta koma sanda sumul. Surukin ya yi fushinsa, ya tafi da mai sauƙin. Har yau yana kai yara makaranta yana ƙorafin motar ba ta da murya.

Injin washin ne dai tun ranar ya koyi ɗingishi: gir-gir, shiru. An canza bel, an canza dutsen, bai daina ba. Baba ya hana a ƙara taɓa shi. Da safe in ya kunna, yakan ce masa, "Ka kwana lafiya?" sannan ya ɗauki aiki.