Cigiyar Mahaifiyar Tanko

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Tanko ya shigo ofishinmu na kasuwa a Funtuwa, cikin damina, ana saura shekara biyu in yi ritaya. Aikina cigiya ne. Wanda mutum ko dabba ta ɓace masa zai zo in rubuta suna da kamanni, shugaban ofis ya sa hannu, sannan in karanta a lasifika.

Tanko Bamaguje ne daga wani ƙauye a bayan Maska. Ya kawo mahaifiyarsa asibiti, suka biyo ta kasuwa, ya tsaya sayen taki, ya waiwaya babu ita. Tsufa ya taɓa mata tunani, ko sunan garinsu ba ta riƙewa. Ga la'asar ta yi, ga hadari ya haɗo, ga manyan motoci a bakin titi.

Na ce, "Sunanta?"

"Mu dai Inna muke ce mata."

"Kamanninta fa?"

"Ba doguwa ba ce, ba kuma gajera ba. Baƙa ce, amma ba can ba. Mace ce mai haƙuri."

Na ce, "Bawan Allah, ai ba a hango haƙuri daga nesa. Rabin matan kasuwar nan ka siffanta mini."

Haka na karanta har sau uku. Aka kawo mana tsofaffi biyu, ɗaya tana ta zaginmu don an raba ta da tallar daddawarta. Shugaba ya leƙo ya ce, "Malam Sani, in ruwan nan ya sauko kasuwa ta watse, sai dai Allah."

Na lura duk sa'ad da na tambayi wata alama, sai Tanko ya sunkuyar da kai yana shafa wuyansa. Na rufe ƙofa na ce, "Daga ni sai kai. Me ke wuyanta?"

"Malam, ita fa ta haife ni. Yaya zan faɗa da bakina?"

"Maƙoƙo ne?"

Ya gyaɗa kai.

Na koma kan lasifika, na ƙara da cewa tsohuwar tana da kumburi a wuya. Ba a jima ba wata mai kunu ta riƙo hannunta, ashe tun azahar take zaune bayan rumfarta. Suna shigowa aka fara yayyafi.

Tsohuwar ta ji sanarwar. Ta dafe wuyanta ta dubi ɗanta. "Tanko, kai ka gaya masu?"

Na yi wuf na ce, "Ni ne, Inna. Shi bai ce komai ba."

Ta harare ni, ta kama hannunsa suka fita.

Ku da kuka gaje mu a wannan aiki, ku sani mutanenmu ba sa siffanta iyayensu da aibi, ko da rai ne a kai. Kada ku tilasta masu. Ku faɗa da bakinku, su gyaɗa kai, harara kuma ta zama taku.