Goro Kafin Shafi

Lokacin da na buɗe bulog ɗina, ina zaune da Mma, mahaifiyata, a gidan haya a Nima, irin gidan da in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabci zai yi maka sannu daga nasa. Da safe ina koyar da yara a wata makaranta a Maamobi, da yamma in ja kujera bakin ƙofa in hau rubutu a waya. Mma ba ta taɓa yarda aiki ne ba. In ƙawayenta suka tambaye ta me 'yarta take yi, sai ta ce, "Yana danna-danna ne." Haka muke magana a Zango, unguwannin Hausawa irin su Nima, mace da namiji duk "ya" ta ishe su.

Da farko babu abin da ban rubuta ba. Siyasa, ƙwallo, hanyoyin samun nasara a rayuwa, ni da ban same ta ba. Masu karatuna su ne ni da wata ƙawata, ita ma don kunya. Sai wata Lahadi na je biki, na ɗauki hotunan yayi, wato atamfar da dangi suke ɗinkawa iri ɗaya, na rubuta wane ɗinki ya zauna, wane ɗaurin ɗankwali ya kusa tsokane idon mutane. Washegari wayata ta ƙi yin shiru. Daga nan na gane abin da nake faɗa wa duk wanda ya zo neman shawara: ka rubuta abin da kake gani daga ƙofar gidanku, sauran duniya tana da masu rubuta ta.

Na sa wa kaina ranaku, Litinin don labarin bukukuwan ƙarshen mako, Juma'a don sanarwa, kuma ban saɓa ba ko ina mura. In na wallafa, sai in tura cikin rukunonin waya na unguwa sau ɗaya tak. Mai tura abu ɗaya safe, rana da yamma, mutane kan gaji da shi kamar mai tallan maganin basir a cikin tiro-tiro, motar haya. A hankali na lura rabin masu karatuna ba sa ƙasar ma. 'Yan Zango ne da ke Jamus, Amurka da Saudiyya, kewar gida ta dame su, suna buɗe hoto su faɗaɗa shi don su ga wa ya yi ƙiba, wa ya tsufa.

Batun samu kuwa, na fara da tallan kamfanonin waje da ke fitowa da kansu a gefen shafi. Rigunan sanyi suka riƙa nuna wa mutanen Nima, abin da ya shigo mini bayan watanni kuma bai wuce na koko da ƙosai ba. Abincina ashe yana nan kusa: tela mai son a ga ɗinkinsa, mai lalle, mai dafa shinkafa da wake a biki. Sama da duka, sanarwa. Na waje su turo bayanin aure ko suna ko addu'ar mamaci, su biya, in tsara in wallafa.

A cikin wannan ne wata mata ta kira ni daga Jamus. Ƙaninta zai yi aure, an sa rana, tana so duniya ta sani kafin a wayi gari. Na tambaye ta ko an gama komai a gida. Ta ce, "An gama, an gama, ke dai sa." Ta biya ba ciniki, abin da ya kamata ya sa ni in tsaya in yi tunani, amma ni a lokacin daɗi ya sa ni ji. Na tsara sanarwar da kyau, da hoton ango cikin babbar riga, na sake ta a daren, ban jira Juma'a ba.

A Zango, ranar aure ba a jin ta a bakin titi. Ana sayen goro, a ƙulla shi a ganye, a haɗa da alewa, wani daga dangi ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar kowane babba, ya gaishe shi, ya zauna, sannan ya faɗa. Goron wannan aure an saye shi, amma yana cikin kwando a ɗakin kawun ango, ana jiran Juma'a a raba.

Angon yana da gwaggo a Kawukudi, tsohuwa, 'yar tsohon soja. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, kuma ita aka shirya za ta karɓi amarya a hannun danginta. Da safe ta fita sayen koko, mai kokon ta ɗaga murya gaban layi ta ce, "Hajiya, barka. Mun gani a waya, ɗanki zai yi aure bayan Sallah." Hajiya ta karɓi kokonta, ta ce madalla, ta koma gida. Kafin azahar saƙonta ya isa ga kawu: tunda waya ce ta gayyaci mutane, waya ta je ta karɓi amarya, ita ba ta zuwa.

Angon da kansa ya zo gidanmu, idonsa jawur. Bai zage ni ba, da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Anti, in Hajiya bai zo ba, ni ba ni yin auren nan. Shi ne uwana." Na kira yayarsa ta Jamus, ta ce ita ba ta san har yanzu ana wannan abu ba, tsofaffi da rigima. Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata ita tana can cikin sanyinta, mu ne za mu haɗu da tsohuwar a kasuwa. Na cire sanarwar, amma an riga an kwafe ta, tana ta yawo daga waya zuwa waya.

Mma ta saurari komai tana tsince shinkafa. Da na gama, ta ce, "Danna-dannan bai iya gyara wannan. Sa mayafi." Muka biya ta gidan kawu, Mma ta zaɓi ƙulli mafi girma a kwandon, fararen goro masu kyau, ta danƙa mini. Ta raka ni har bakin titin Kawukudi, ta ce daga nan ni kaɗai, tunda ba ita ta danna ba.

Na tarar da Hajiya zaune kan tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta dube ni ba.

"Ke ne mai wayan?" in ji ta.

"Ni ce, Hajiya."

"To, me aka ce ki gaya mini da ban ji ba a wurin mai koko?"

Na ajiye goron gabanta, na faɗi saƙon daga farko kamar ba ta taɓa ji ba: ɗanta ya sami mata, 'yar gidan mutunci, an sa rana bayan Sallah, dangi suna neman albarkarta. Ta bar ni na daɗe a durƙushe, sannan ta kwance ganyen. Ta buɗe baki ta nuna mini dasashinta.

"Dubi nan. Da wane haƙori zan ci goro? Ba goro nake so ba, ɗiyana. Ƙafa nake so. Mutum ya taso, ya zo ƙofana, ya zauna. Yaron nan sai da na tauna abinci na sa mishi a baki."

Na ji kunya, na kuma ji tausayinta har idona ya kawo ruwa. Na gyara zama. Ita kuwa da ta ga na zauna da gaske, sai labari ya ɓalle. Yadda ya yi ƙyanda ta kwana da shi a baya, yadda ya taɓa ɓata a Circle, cikin cunkoson tashar mota, aka tsince shi yana barci a shagon mai gyaran rediyo, yadda yake satar mata sukari yana rantsuwa da bakinsa fari fat. Muka yi ta dariya har aka kira la'asar. Da zan tafi na tambaye ta ko za ta bari in rubuta wannan labarin a shafina. Ta ce, "Sai an gama raba goro. Kowa da kowa, har na Old Fadama."

Na jira. Da kawu ya tabbatar mini kwando ya zama fanko, na wallafa labarin matar da ta goyi ango, na sa sanarwar a ƙarƙashinsa. Ban taɓa rubuta abin da aka karanta kamarsa ba. Ta Jamus ta kira ni tana kuka. Ranar biki Hajiya ta zo cikin yayi, ɗaurinta ya fi na kowa tsawo, ta karɓi amarya, ta riƙe hannunta ta ƙi saki har sai da aka roƙe ta.

Tun daga nan duk wanda ya kira ni da sanarwa, tambayata ta farko ita ce, "An raba goro?" Na waje da yawa sukan ce ba su da wanda zai raba musu. Sai na ce ina da ƙafa. Yau in aka tambaye ni wane sashe na bulog ɗin ya fi kawo mini samu, kunya nake ji in faɗa: sayen goro da kai shi gida-gida, a zauna a gaisa. Mma ta daina cewa danna-danna, yanzu cewa take yi ina yawo.

Bayan shekara, wata safiyar Asabar ina wanki a tsakar gida, na ji sallama da ƙarar sanda a ƙasa. Hajiya ce, ta taso tun daga Kawukudi, tana haki. Na kawo kujera, ta zauna, ta sha ruwa, ta gaishe da Mma a tsanake. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin ganye, ta miƙo mini.

"Amaryan ya haihu, namiji. Suna ran Laraba," ta ce. "Naki ne na ƙarshe, na gama da kowa. Yanzu ki sa a wayan."

Hannuna duk kumfa, na goge a zane na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa samun goro da sunana ba, kullum na Mma ake kawowa.