Jan Fitsari a Aji Biyu

A makarantar firamaren da na fara koyarwa, a wani ƙauye na ƙasar Roni, ɗan adam ba shi da tsakiya. Akwai zanen jikin yaro da yarinya manne a bangon aji biyu, amma hedimasta ya sa an yanko takardar buhun siminti an liƙe masu daga cibiya zuwa cinya. Sai in nuna da tsumagiya, yara su amsa: kai, wuya, ƙirji, ciki. Daga nan mu yi tsalle mu dira a ƙafa. Iyaye sun gamsu da wannan tsari, ni ma ban taɓa kai ƙara ba.

Wata Talata, damina ta yi nisa, darasi ya kawo mu kan bambancin mace da namiji. Amsar da na shirya ba ta wuce ɗankwali da hula ba. Sai wani yaro daga rugar bayan tafki ya ɗaga hannu.

"Malama, ni na sani. Namiji fitsarinsa ja ne. Yayana ya ce duk wanda bai fara ba, mace ne."

"Wallahi ni ma na fara!" in ji na kusa da shi.

"Kai ɗin? Jiya na gani, naka kamar ruwan randa!" in ji na farkon.

Aji ya kece da dariya. Na san abin da nake ji. Tsargiya ce, ciwon da ake kwasowa a ruwan tafki, inda yaran ƙauyen ke yin wanka wuni guda. A kwalejin horon malamai na zana dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar, har na ci maki mai kyau. Duk wannan ilimi yana kaina a lokacin, kuma abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ba a maganar banɗaki a aji. Ku buɗe littafi."

Bayan tashi na sami hedimasta a gindin darbejiya.

"Ranka ya daɗe, yaran nan fa jini suke fitsara."

"Malama, mu ma duk mun yi, ga mu nan mun girma. Ke dai kada ki ja mana surutun iyaye."

Na ce to. Na iya cewa to sosai a shekarun nan.

A layin gaba akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, mai kyawun rubutu, marar magana. Daga wannan zangon ta daina shan ruwa a makaranta. In an fita tara, ba ta bin 'yan'uwanta mata zagayawa, sai ta zauna ta dafe mara. Na lura tana ramewa, idanunta suna yin fari. A takardar sakamako na rubuta mata: natsattsiya.

Tana aji huɗu ta daina zuwa. Bayan kwana goma mahaifiyarta ta yi sallama a gidana, ta zauna bakin tabarma, ta ƙi taɓa ruwan da na kawo.

"Malama, 'yarki ce ba lafiya. Muna asibitin Kazaure. Likita ya ce tsargiya ce, ta daɗe tana cin mararta. Wai da tun farko ne, 'yan ƙwayoyi sun isa."

"Subhanallahi. Ba ta faɗa maku ba?"

"Shekara biyu tana ɓoyewa. Ta ɗauka ita ba cikakkiyar mace ba ce, tana tsoron a gane." Ta gyara mayafinta. "Ta ce a aji aka ce jan fitsari na maza ne, kuma Malama ba ta ce a'a ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne, da na sami abin riƙewa.

Yarinyar ta rayu, amma ba ta dawo makaranta ba. Ba ta iya riƙe fitsari tsawon darasi, yara kuwa ba su da rufin asiri.

Ranar Litinin bayan zuwan mahaifiyar, na shiga aji biyu kafin kowa, na kama takardar simintin na ja. Gam ɗin ya yi shekara da shekaru, sai ya taho da zanen da ke ƙarƙashin takardar, ya bar fari fat a tsakiyar jikin yaron da na yarinyar. A gaban wannan farin na tsaya na yi wa sababbin yara bayani da bakina. Sun saurara, ba wanda ya yi dariya. Duka bai ɗauke ni minti biyar ba.