Ƙofar Ƙafar Jirgi

Ko zan manta abin da na ci da safe, ba zan manta ranar da ƙaton soja ya kwanta rigingine a tsakar gidana a unguwar Liman Abaji da ke Keffi, yana harba ƙafa sama don in ba shi 'yata ba.

Autata ce ta kawo shi, malamar firamare ce a Jigwada. Mahaifinta ya rasu, baffanninta kuwa sun san ba za a ɗaura aure ba sai na gyaɗa kai. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce, "Mene ne aikinka?"

"Mama, sojan sama ne ni. Ƙofofin ƙafafun jirgi nake gyarawa."

Na dube shi sama da ƙasa. Shekara nawa jiragen soja suna bi ta saman Keffi suna firgita mini kaji, ni kuwa ba abin da ke gifta gidana ban ƙare masa kallo ba. Cikinsu sumul kamar na tarwaɗa. Na ce, "Jirgin da ba shi da ƙafa, ina ƙafar ta samo ƙofa? In maigadi ne kai ka faɗa, gadi ba abin kunya ba ne. Maƙaryaci ne ba na ba wa 'ya."

Auta ta fara hawaye. Shi kuwa sai ya ce a ara masa faifai biyu. Ya kwanta a tabarma da shaddarsa mai sitaci, ya naɗe gwiwoyinsa, ya kifa faifan a kai.

"Mama, yanzu ina sama. Da na bar ƙafa a waje, iska za ta riƙe ni."

"A rigingine jirgin naku yake tashi?"

"Misali ne, Mama. To zan sauka. Ƙofa ce take fara buɗewa, mai ne ke tura ta ta cikin bututu. Sannan ƙafa ta fito ta kulle, ƙas, fitilu uku kore su kama a gaban matuƙi. In kuwa ƙafa ta riga ƙofa..."

Sai ya harba. Faifai ya tashi ya faɗa cikin ƙullun ƙosaina. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Hajiya, a kira malam ya yi masa tofi ne?"

Ban yi dariya ba. Na ce sai na gani da idona.

Bayan sati biyu ya samo izini ya kai mu barikinsu, ni da auta. Na tarar an ɗage jirgi a kan jak kamar mota a gareji, ga ƙafafu uku ɗauke da tayoyi suna reto. Ogansu ya ɗaga hannu. Cikin jirgin ya wage, ƙafafun suka naɗe suka shige, ƙofofi suka rufe. Sumul, irin wanda na saba gani. Salati ya kuɓuce mini, amma na daure na ce, "A sake." Aka sake. Sau uku na sa manyan sojoji suka sake.

A na ukun ne na lura cewa da ƙafafu suka sauko, manyan ƙofofin sun koma sun rufe, wata ƙarama kuwa tana nan a buɗe. Na ce, "Wannan fa, wane malalaci ya bar ta haka?" Manemin auta ya ce, yana share gumi, "Mama, ita a jikin ƙafar take. Sai ƙafa ta shiga take rufewa."

Na juya wurin auta na ce, "Je ki gaya wa baffanninki su sa rana."

Yanzu 'ya'yansu uku, kuma har yau in ya shigo gidana sai ya bar mini ƙofar zaure a wangale don tsokana. Amma tun ranar na daina rantsuwa da idona. Wani aikin, in an yi shi da kyau, shi ya sa ba ka ganinsa. Na kusa korar mai gaskiya don kawai ya iya rufe ƙofa.