Inda Ake Kallon Ƙwallo Baki a Rufe

Bungudu, Talata, 5:50 na asuba

Ana sallame sallar asuba na rataya jakar kayan aiki na fito, ko kunu ban tsaya sha ba. Sana'ata kafa dish da gyaransa. Sunana Kabiru, amma a Bungudu sai ka ce Lasifika kafin a gane wa kake nufi. Gidan kallon ƙwallo ne ya ja mini sunan, don in aka zura ƙwallo har bakin kasuwa ana jin muryata. Ranar kuwa 'yan wasan ƙasarmu za su buga wasan neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya da ƙarfe biyar na yamma, kuma in ba su ci ba zance ya ƙare.

Abokina Lawali ne ya kira ni, tare muka yi sakandare. Ƙauyensu yana bayan Tsafe, ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Iska ta lalata dish ɗin zaurensa, inda mazan garin ke taruwa kallo. Tun a waya ya ja mini kunne.

"Kabiru, nan ba a ihu. Mai gari ya ce ranar da anka sake jin ihu daga zaurena, ranar za a sauke dish. Kana iyawa?"

Na yi dariya na ce ya raina mini hankali.

Gusau, 6:25

Kilomita ashirin ne, muka cinye su a motar haya ba wata tangarɗa. Na sha koko da ƙosai na naira ɗari biyar a Tudun Wada, ina jiran Oga Sunday mai sayar da kayan dish ya buɗe shago. A Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa zurfi. Ya auna mini waya yadi talatin, ya miƙo sabon kan dish, sannan ya dube ni.

"Tsafe za ka, don ƙwallo? Lasifika, kai dai ba ka jin magana. Allah shi kiyaye hanya."

A tasha kuɗin mota dubu biyu da ɗari biyar. Motar ta cika 8:15, amma direba ya kafe ya ƙi tashi. Direbobin hanyar nan ba sa motsawa sai sun ga mota ta iso daga can. Sai 8:50 wata ta shigo, ya leƙa ya tambayi ɗan'uwansa direba.

"Hanya lahiya?"

"Zuwa yanzu dai."

Da wannan rabin amsar muka ɗau hanya.

Hanyar Tsafe

Kusan kilomita hamsin, shinge uku. A na biyu wani jami'in tsaro ya zazzage jakata, ya ɗaga mitar neman sigina yana juyawa. Na yi masa bayani. Ya maida ita a hankali ya ce, "Mu nan ko rediyo ba ma kamawa. In ka dawo ka faɗa mini ko an ci."

Daga nan direba ya kashe kiɗa. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, ta fi mutum, kowa idonsa na cikinta. Muka wuce ƙauyuka biyu, ba hayaƙi, ba akuya, ba yaro a bakin titi. Ni mai surutun duniya, sai na tsinci kaina ina salati ƙasa-ƙasa. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Ƙauyen su Lawali, 10:40

Lawali ya ɗauke ni a babur daga Tsafe, kilomita tara a hanyar burji. A bakin gari ya nuna mini filin ƙwallonsu. Ciyawa ta cinye shi, sai turakun raga a tsaye.

Mahaifiyarsa, Inna, ta kawo mini hoce da fura da hannunta, tana tsokanata wai na rame don matata ba ta iya tuwo ba. Da ta koma ciki Lawali ya sassauta murya. Ƙanensa Bashar ɓarayin daji suka kashe bara, kuma da ihu aka fara sanin sun shigo. Tun daga ranar, ihu a garin ma'anarsa ɗaya ce: kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya faɗa cikin dawa.

"Kasuwa ta mutu, an bar wasa, an bar biki," in ji shi. "Wanga zaure kaɗai ya rage muna. Minti casa'in ɗin nan ne ba mai zancen wa anka ɗauke."

Na hau rufi na canza kan dish, na ja sabuwar waya, na duba batirin sola. Ƙarfe ɗaya da rabi hoto ya fito tar.

Wasan, 5:00 na yamma

Na kalli ƙwallo a wurare da yawa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Zaure cike da maza, an rage ƙarar talabijin har sai ka kasa kunne. In aka ɓarar da ƙwallo, sai ka ga hannuwa a ka, ba ko tsaki. Wani dattijo kusa da ni ya cusa hularsa a baki yana cizo. Da farko abin dariya ya ba ni, na raɗa wa Lawali cewa ko gidan makoki ya fi nan hayaniya. Bai yi murmushi ba.

Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo, lokaci na tafiya. Na danne bakina sau uku, har ina yaba wa kaina. Saura 'yan mintuna a tashi, ɗan wasanmu ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai, raga ta girgiza.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata kawai na ji ta fasa zauren ta fita, da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

Lawali ya toshe mini baki, amma aikin gama ya gama. Muka ji ƙarar kwanuka, kukan yara, gudu ta ko'ina. Wani ɗan sintiri da ke bakin gari ya saki bindiga sama, abin ya ƙara rikicewa. Masu kallo suka watse suna kiran iyalansu, "Ƙwallo ne! Ku dawo, ƙwallo ne!" Wa zai tsaya saurare? Talabijin na can yana ta maimaita cin, ba kowa a gabansa sai ni.

Sai bayan isha'i aka gama tattaro mata da yara daga gonaki. Inna kuwa a bayan gidansu aka same ta. Ta zo tsallake kwata ta faɗi, ƙashin cinyarta ya karye. Aka kira mai ɗori. A zauren na kwana, ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi.

Laraba, 7:00 na safe

Mai gari bai ko aiko ba. Lawali da kansa ya jingina tsani ya ce, "Kai kag gyara shi, kai za ka sauke shi." Na hau ina kwance notunan da na ɗaure jiya, mazan garin na tsaye a ƙasa suna kallo. Har da dattijon mai hula.

Na shiga neman gafarar Inna. Tana kwance an ɗaure ƙafar da karare, goshinta duk gumi. Na durƙusa a gabanta.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Na yahe ma. Da ma duk ihun da muka ji a garin ga na ƙwallo ne."

Lawali ya ɗaura dish ɗin a bayan babur. Na ce ya ajiye, wataƙila mai gari ya huce. Ya girgiza kai.

"Tahi da shi Bungudu, can da aka iya ihu."

Komawa

Mun bar Tsafe 9:30, dish a ɗaure a saman mota. A shinge na biyu jami'in nan ya gane ni.

"Mai dish! An ci?"

"An ci."

Ya ɗaga hannu yana murna, sannan ya dubi fuskata, ya dubi saman mota, ya buɗe mana hanya.

Na iso Bungudu 12:40. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa direbobi, na gode wa mutanen da suka ciyar da ni, na saka musu da abin da kuka ji. Inna har yau ba ta taka ƙafar ba. Dish ɗin yana jingine a bayan ɗakina, ban kafa shi ba. Wasan da ya biyo baya Lawali ya kira ni bayan an tashi, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in ba shi labarin yadda aka buga, mutane na zaune a zaure suna jira.