Reshen da Ya Tare Mana Rana

Rini muke yi a Garo, ni da maigidana. Ba na ganyen baba irin na kakanni ba, na hoda da soda, wanda ruwansa ke cin fata. In mun gama, sai ruwan ya bi rariya ya faɗa lambun wan maigidana da ke bayan katangarmu. Da albasarsa ta ƙone ya kai ƙara, mai unguwa ya yanke magana: ko mu gyara ruwan, ko mu bar rini. Mu kuwa da shi muke ci.

'Yarmu ta fari, mai karatun kimiyya a Kano, ita ta zo da dabara. Ta shafa wata farar hoda a kan tayil, ta jera su cikin faffaɗan kwano, ta ɗaura wata matata mai kama da takarda a bakinsa. Ta ce in rana ta doki hodar za ta cinye dattin rinin, matatar ta tare abin da ya rage.

Na ce, "Wato ranar ma aikatau za ki sa ta?"

Sai dai rana ba ta sauka sosai a tsakar gidanmu. Mangwaron da surukina ya dasa a kan iyaka ya miƙo reshe ya rufe wurin. Da aka raba gado ba a raba shi ba, kowa cewa yake nasa ne. Ruwa ya wuni a inuwa, shuɗi kamar yadda aka zuba shi. Ni na ce a sare reshen, kuma har gobe ina kan bakana.

Da hantsi maigidana ya kafa tsani ya hau da adda. Reshen na faɗuwa sai ga wansa ya faɗo mana babu sallama, da fartanya a hannu.

"Ka kashe min albasa, yanzu kuma itacen Baba? Sauko!"

"Yaya, ai don albasar taka nake yi."

Bai saurara ba. Ya fizge tsanin, maigidana ya faɗo da baya. Kafin ya miƙe an kawo masa sara ta ka, ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Idona ya rufe. Na ɗauki muciyar rini na maka wa wan nasa a ƙeya, na ƙara masa a baki, haƙori ya yi tsalle. Jini ya gauraya da shuɗi a ƙasa, 'yarmu na ihu tana riƙe min zane. Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare ni. Na tsani wan nan nasa a ranar, ba zan ɓoye ba.

Muna asibitin Gwarzo rana ta yi aikinta. Da muka dawo muka tarar ruwan ya washe, har kana hango zanen tayil a ƙasansa.

Ƙashi ya ɗoru, amma yatsun suka ƙandare. Hannun da ke matse shadda ko kofin shayi ba ya riƙewa, ni kuma ba zan iya aikin ni kaɗai ba.

Bayan nan mai unguwa ya zo. Ya leƙa kwanon, ya ɗebi ruwan ya sunsuna, ya jinjina kai.

"To, madalla! Malam, sai ku ci gaba da rininku."

Maigidana ya zaro hannun daga cikin riga ya nuna masa.