Rediyon Baba

Bayan rasuwar mahaifiyata, Baba ya ƙi barin gidansa na Yalwawa ya dawo wurina. Lokacin babu wayar hannu. Maƙwabciyarsa, wata Kirista 'yar Filato da muke ofis ɗaya, ita ke kwantar min da hankali. Kullum da safe sai ta ce, "Baba lafiya lau yake, na jiyo rediyonsa ta katanga."

Wata rana ta ji shiru. Ta fita ko takalmi babu, ta tarar da shi yana shan kunu. Ashe batir ne ya ƙare.

Da ya gane abin da ya kawo ta, sai idonsa ya ciko. Daga ranar ya riƙa ɗora rediyon kan katanga yana ƙara murya.

"Kada 'yata ta tsorata," in ji shi, yana nufin maƙwabciyar.